Yadda ake kama abin da ke zuƙe batirin tsohuwar mota cikin dare

Mota ta yini tana aiki lafiya lau, an ajiye ta da daddare, da safe an murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas, ko ma tsit. An nemo matasan unguwa sun tura, ta tashi, ta sake yini ba matsala. Washegari, ko bayan kwana 2 a ajiye, an koma gidan jiya. A nan ne yawancin masu mota ke yanke hukuncin cewa batir ya mutu, su sayi sabo, alhali abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: bayan 'yan makonni sabon ma ya bi sahun tsohon. Sau da yawa wani abu ne a cikin motar ke ci gaba da shan wuta bayan an zare makulli. Ba a kama shi da hasashe. Mitar awon wuta ce ke nuna shi, kuma aikin ya fi buƙatar haƙuri a kan ƙwarewa.

Wanke batir da altaneta daga zargi tukuna

Abubuwa uku ke sa mota ta kwana ba wuta: batirin ba ya riƙe caji, altaneta (na'urar da ke cajinsa idan inji na aiki) ba ta ba shi caji, ko wani abu na tsotse shi. Alamominsu iri ɗaya ne, don haka kada ka taɓa fiyus ko ɗaya sai ka fitar da biyun farko.

Saita mita a kan 20V na wutar batir, wato V mai miƙaƙƙen layi a kai. Bari motar ta huta aƙalla sa'o'i 3 bayan tafiya, sannan ka auna a kan sandunan batirin kansu. Cikakken batir yana nuna 12.6V. Idan ka ga 12.4V, kusan kwata ya tafi, 12.2V rabi ne, 12.0V kuwa saura kaɗan. Wanda ya tsaya a wajen 10.5V ko da an caje shi, ɗaki ɗaya daga cikin ɗakunansa 6 ya haɗe, ba shi da magani.

Sa wani ya tayar da motar kana kallon mita. Lokacin da kik, wato na'urar da ke tayar da inji, ke juyawa bai kamata ta faɗi ƙasa da 9.6V ba. Da inji ya kama, ya kamata ta hau tsakanin 13.8V da 14.5V, kuma ta zauna sama da 13.5V idan ka kunna manyan fitilu da fanka. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya inji na aiki, matsalarka caji ce: duba bel, kan batir, da altaneta.

Kada ka yarda a cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta na caji. Dabara ce ta zamanin dainamo da ta ƙi mutuwa a garejinmu. Batir shi ke daidaita wutar da altaneta ke fitarwa. Da an cire shi wutar na iya yin tsalle ta ƙone dayod ɗin da ke cikin altaneta ko kwamfutar inji, kuma ƙonannen dayod yana cikin manyan ɓarayin da muke nema.

Gwajin da ke raba gardama ba ya ma buƙatar ƙwarewa. A caje batirin ya cika, ka cire kan mainos (mai alamar ragi), ka rubuta abin da mita ta nuna bayan ya huta, ka bar shi kwana 2 a cire. Idan ya zube duk da ba abin da ke haɗe da shi, laifin batir ne. Idan ya tsaya daram, amma da an mayar da kan sai ya kwana babu, ɓarawon na cikin motar.

Kafin ka wuce, dubi saman batirin. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin asid takan zama hanyar wuta daga sanda zuwa sanda. Ɗora baƙin tsinken mita a kan mainos, ka riƙa taɓa saman robar batirin da jan. Idan mita ta nuna wuta a kan roba, akwai yoyo. Wanke shi da babban cokali 1 na bekin soda a kofin ruwa, kada ka bari ya shiga ramukan, ka goge ya bushe.

Kayan aiki da shirin mota

Kana buƙatar mita mai ramin 10A wanda fiyus ɗinsa bai ƙone ba, sifana lamba 10 (ita ce ta kan batir a yawancin motoci), guntun waya mai maƙalli a kowane gefe, ɗan hantsakin cire fiyus, sukudireba, da takarda da biro. Cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a sha sigari a wurin, domin batir yana fitar da iskar da ke kama wuta. Idan rediyon motar na asali ne mai neman lambar sirri bayan an ɗauke masa wuta, nemi lambar kafin ka fara.

A mainos ake wannan aiki, kullum. Jikin mota duka mainos ne, saboda haka idan sifana ta taɓa ƙarfe kana kwance mainos ba abin da zai faru. Idan filos (mai alamar tarawa) kake kwancewa ta taɓa jiki, sifanar kan yi ja cikin daƙiƙu.

Dole motar ta ɗauka an rufe ta an tafi, amma kai kana buƙatar isa ga akwatin fiyus na ciki. Sauke gilashin direba tukuna, don kada ta kulle kanta da makulli a ciki. Zare makulli. Buɗe ƙofar direba, ka danna ɗan maɓallin da ke jikin ginshiƙi ka ɗaure shi da salatef ko matsi. A motocin da maɓallin ke cikin makullin ƙofar, tura harshen makullin da sukudireba har ya yi ƙas sau biyu. Ka tuna ka ja hannun ƙofa ka sake shi kafin ka rufe, in ba haka ba ka lanƙwasa shi. Idan akwai maɓalli ko fitila a ƙarƙashin bonet, danne shi. Cire duk cajar waya daga soket.

Jona mita

Baƙar wayar mita a ramin COM, ja a ramin 10A, maɓalli a kan 10A. Kada ka fara da ramin mA (miliamfiya, ɗaya cikin dubu na amfiya): fiyus ɗinsa 200mA ne zuwa 400mA a yawancin mitoci, kuma mota na iya jan amfiya da yawa a lokacin da aka jona ta.

A tsohuwar mota marar kwamfuta, irin Fijo 504 da 505 ko Bitil, cire kan mainos kawai, ka ɗora jan tsinke a kan wayar da ka cire, baƙin a kan sandar batir. Yanzu duk wutar da motar ke sha ta cikin mita take bi. Idan ka juya tsinkayen, alamar ragi kawai za ta fito a gaban lambar.

Motar da ke da kwamfuta, wato kusan duk 'yar Kwatano daga shekarun 1990 zuwa sama, tana son a bi ta a hankali. Idan ka yanke mata wuta ka mayar, na'urorinta su farka su ja wuta mai yawa. Wani lokaci kuma rile (makunnin da wuta ke sarrafawa) da ya maƙale ya saki, laifin ya ɓuya. Don haka kada layin ya katse ko sau ɗaya. Sassauta kan mainos ba tare da ka ɗaga shi ba. Maƙala jan tsinke a jikin kan, ka manna baƙin a gindin sandar batir, sannan ka ɗaga kan a hankali. Guntuwar wayar nan mai maƙalli ita ce gadarka: duk lokacin da za ka sauya ramin mita, haɗa kan da sandar da ita tukuna, ka sauya, sannan ka cire ta. Fijo 206, 307 da 406 na baya-baya suna da akwatin BSI, wato kwamfutar da ke sarrafa wutar jikin mota, wanda ke son a jira minti 3 bayan kashe mota, ba a taɓa komai ba, kafin a cire batir.

Muddin mita na tsakiyar layi, kada a murɗa makulli, kada a kunna fitila, balle a tayar da mota. Kik yana jan sama da amfiya 100. Mitar 10A ba za ta ga ƙarshen wannan ba.

Sai jira. Motocin shekarun 1990 sukan yi barci cikin 'yan mintuna. Na shekarun 2000 kan ɗauki minti 15 zuwa 45, kana ganin lambar tana sauka mataki-mataki. Wanda ya karanta mita a minti na farko ya ga 1.5 ya ce ya kama ɓarawo, gaggawa ce ta ruɗe shi.

Nawa ne ya yi yawa

A kan 10A, 0.03 na nufin miliamfiya 30, 0.45 kuma miliamfiya 450. Agogo, ƙwaƙwalwar rediyo da ta kwamfuta da alam duk suna ɗan sha, kuma halak ɗinsu ne. Tsakanin 20mA da 50mA lafiya ne. Mota marar kwamfuta mai agogo kawai bai kamata ta kai 20mA ba. Daga 50mA zuwa 80mA abin lura ne, sama da 100mA kuwa akwai laifi.

Lissafin yana da sauƙi, kuma yana gaya maka girman abin da kake nema. Ɗauki batir mai 60Ah (Ah ma'aunin girman batir ne, amfiya sau sa'o'i), wanda da wuya ya tayar da mota idan rabinsa, wato 30Ah, ya tafi. Shan 30mA yana cin 0.72Ah a yini, motar za ta yi kusan kwana 40 a ajiye. Rile guda da ya ƙi sakin wuta yana shan kamar 150mA, wato kwana 8. Ƙwan fitilar but mai wat 5 yana shan 400mA, kwana 3 ke nan. Fitilun birki biyu masu wat 21 kowanne suna shan amfiya 3.5, dare ɗaya ya ishe su. Idan batirin ya tsufa, raba waɗannan kwanaki biyu. Saboda haka motar da ke mutuwa a dare ɗaya da sabon batir ba agogo ke cin ta ba. Nemi babban abu.

Bin fiyus ɗaya bayan ɗaya

Ɗauki hoton akwatin fiyus da wayarka kafin ka taɓa shi. Yawancin motoci suna da biyu, ɗaya a ƙarƙashin sitiyari ko gefen dashbod, ɗaya kusa da batir. Wasu da na uku a but. Ajiye mita inda za ka gan ta ta gilashin gaba, ko ka sa wani ya riƙa karanta maka.

Zare fiyus ɗaya, dubi mita, rubuta. A mota marar kwamfuta mayar da shi nan take ka wuce na gaba. A mai kwamfuta, mayar da fiyus yakan tayar da na'urar da ke kansa, ka sake zaman jira. Ya fi sauƙi ka riƙa jera waɗanda ka zare a kan takarda bisa tsarin akwatin, sai ka gama ka mayar gaba ɗaya. Fiyus ɗin da lambar ta faɗi da ka zare shi, layinsa ne ke da ɓarawon. Ka lura ko faɗuwar ta kai ka ƙasa da 50mA. Idan daga 600mA ta sauko 200mA ta tsaya, ɓarayin biyu ne, ci gaba.

Akwai hanyar da ta fi wannan tsabta, ba a cire batir, ba a zare komai. Fiyus mai ƙafa biyu yana da ɗigon ƙarfe biyu a bayansa. Saita mita a kan 200mV, jan tsinke ya koma ramin V, ka taɓa ɗigon biyu a lokaci guda. Fiyus ɗin da ba wutar da ke bi ta cikinsa zai nuna 0.0. Wanda ya nuna wani abu, ana sha ta nan. A fiyus mai matsakaicin girma, jan nan na 10A, kowane 1mV kusan 130mA ne. A shuɗi na 15A kusan 200mA. A rawaya na 20A kusan 300mA. Ƙananan fiyus lissafinsu ya ɗan bambanta, amma ba lamba daidai kake nema ba, wanda ya fita daban kake nema. Tsinken ya zama mai kaifi, ka danna sosai. Wannan hanya ba ta aiki da tsofaffin fiyus masu kamar harsashi na Marsandi da Fijo na da, sai dai ka taɓa ƙarafan da ke riƙe da su, kuma tsatsa kan ɓata karatun.

Masu gyaran waya da yawa suna amfani da ƙwan gwaji a madadin mita, tsakanin kan mainos da sandarsa. A 504 yana aiki: haske mai ƙarfi na nuna babban yoyo. A mota mai kwamfuta yana ruɗarwa, kuma ba ya bambanta 40mA da 90mA.

Fiyus layi yake nunawa, ba kayan da ya lalace ba. Fiyus ɗaya na iya ɗaukar fitilar ciki, rediyo, agogo, fitilar but da eriya a tare. A motocin Toyota wanda aka rubuta wa DOME haka yake, a Honda kuma BACK UP. Mayar da fiyus ɗin, ka riƙa zare soket na kayan da ke kansa ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Idan ka zare su duka ba ta faɗi ba, waya ce ta goge tana taɓa jiki ko wata wayar. Fara da inda waya ke lanƙwasa kullum: robar da ke tsakanin ƙofa da jiki, hinjin but, da ƙarƙashin kafet inda ruwa ke kwanciya da damina.

Waɗanda aka saba kamawa

Kayan da aka ƙara wa mota su ne kan gaba, da tazara. Rediyon kasuwa yana da wayoyin wuta biyu: rawaya ta wuta kullum don ƙwaƙwalwa, ja ta bayan makulli. Mai sauri yakan murɗe su tare ya jona a wuta kullum, rediyo ya daina mutuwa da makulli, ko da fuskarsa ta yi duhu. A Golf, Sharan da Vectra akwai ƙarin tarko, domin a soket ɗin Volkswagen da Opel na wancan zamani wuraren waɗannan wayoyi biyu a juye suke. Amfilifaya kuma tana jiran umarni daga siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari. Idan an jona ta a wuta kullum, amfilifayar ba ta barci. Sai alam, na'urar bin sawun mota, da ƙarin fitilu. Duk wayar da ka ga an naɗa kai tsaye a kan filos, ba ta bi ta akwatin fiyus ba, cire ta ka dubi mita.

Fitilar but da ta aljihun dashbod ba a ganinsu a rufe. Kunna bidiyon wayarka, ka saka ta ciki, ka rufe, ka buɗe ka kalla. Ko ka taɓa ƙwan da zarar ka buɗe: idan da zafi, ya daɗe a kunne.

Fitilar birki tana da wata ƙaramar roba a jikin feda wadda ke danne maɓallin. A tsofaffin Honda Accord da Civic, da wasu motocin Japan da Koriya, robar kan bushe ta farfashe, ka tsinci gutsattsarinta a kan tabarmar direba, fitilun su zauna a kunne. Da rana tsaka ba mai lura. Robar ba ta da tsada, kafin a samu kuma ɗan ƙaramin noti da kusa a ramin suna tsayawa a madadinta.

Rile yakan maƙale idan bakinsa ya narke ya manne. Bayan mota ta yi sa'a guda a kashe, shafa rilolin da hannu. Mai ɗumi shi ne abin zargi. Na kulocin esi (na'urar sanyi) ya yi suna a motocin Honda na shekarun 2000, kuma kulocin yana shan amfiya 3 zuwa 4. Idan ka ji ƙas daga wajen kwamfireso lokacin da kake jona batir, ka kama shi. Musanya shi da wani rile mai lamba iri ɗaya, kamar na hon, don ka tabbatar.

Idan an zare fiyus duka ba ta faɗi ba

Saura abin da ke kan babbar waya: altaneta da kik. A cikin altaneta akwai dayod aƙalla 6, aikinsu su bar wuta ta fita zuwa batir, su hana ta dawowa. Idan ɗaya ya haɗe, wuta na komawa ta cikin nadin wayar zuwa jiki dare da rana, daga rabin amfiya zuwa amfiya da yawa. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne irin wannan altaneta tana iya ci gaba da caji, mita ta nuna 13.8V, a ce lafiyarta ƙalau. Da sassafe, kafin a tayar da mota, ɗora hannu a kanta. Injin ya yi sanyi ita tana da ɗumi? Ita ce.

Don tabbatarwa, raba mita da batir yadda mainos ba ya haɗe da komai, ka kwance notin babbar wayar da ke bayan altaneta, ka naɗe bakinta da salatef sosai, ka zare ƙaramin soket, sannan ka mayar da mita. Idan lambar ta faɗi, mayar da su ɗaya-ɗaya: babbar waya na nuna dayod, soket na nuna regileta, mai daidaita ƙarfin caji. Yayin da babbar wayar take a kwance, sa mita a alamar dayod tsakanin kusar babbar wayar da jikin altaneta. Ta gefe ɗaya ya kamata ta nuna lamba, idan ka juya tsinkaye ta nuna a buɗe. Lamba ta gefe biyu na nufin dayod ya haɗe. Ana sauya farantin dayod kaɗai ba sai an sayi altaneta sukutum ba. Abin da ke kashe su sananne ne: jona batir a juye lokacin ba da wuta daga wata mota, cire kan batir inji na aiki, da yin walda a jikin mota ba a cire batir ba.

Kik bai cika yoyo ba, amma solonoyid, makunnin da ke jikinsa, da ya cika da ƙura da mai yana iya yi. Gwajin iri ɗaya ne, a cire babbar wayarsa bayan an raba mainos.

Ɓarawon da ke zuwa jefi-jefi

Wani lokaci mita ta nuna 30mA, amma motar na mutuwa sau ɗaya a mako. Bar mitar a jone na sa'o'i. Idan tana da maɓallin MAX, danna shi ta riƙe lamba mafi girma. Ka dai kashe tsarin da ke sa mitar ta mutu da kanta. Girgiza damin wayoyi a hinjin ƙofa da na but kana kallo, jijjiga inda makulli ke shiga, domin tsohon swici yakan bar layin rediyo a kunne ko da an zare makulli. Ka kuma lura da lokacin da abin ke faruwa. Bayan ruwan sama ko wankin inji, danshi ne a akwatin fiyus ko a wani soket. Bayan an yi amfani da esi, rile ne.

Idan kayan gyara ba su samu ba tukuna, zare fiyus ɗin layin duk dare, ko a sa makunnin yanke wuta a kan mainos. Ka sani agogo da tashoshin rediyo za su riƙa gogewa, kuma alam ba zai yi aiki ba.

Bayan gyara, maimaita awon daga farko, da jiran barcin motar da komai, ka ga lambar ta zauna ƙasa da 50mA. Sannan a kai batirin caji a hankali, da kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato amfiya 6 ga mai 60Ah, na sa'o'i 10 zuwa 12. Zagayen rabin sa'a a gari ba ya cika batirin da ya zube ƙasa, sai dai ya gasa altaneta. Idan mai murfi ne, a ƙara masa tataccen ruwan batir har ya rufe farantan, ba asid ba, ba ruwan famfo ba. Batirin da ya sha zubewa har ƙasa sau da yawa farantansa sun riga sun yi gishiri, don haka a sake auna shi bayan kwana 2 da caji: idan ya kasa riƙe 12.4V, ko ya faɗi ƙasa da 9.6V lokacin kik, yanzu ne lokacin sayen sabo, kuma a shafa ɗan giris a kan sandunan bayan an ɗaure kawunan, filos da farko, mainos daga ƙarshe.